Bakin ƙanina ya karkace bayan hatsari, hannunsa kuma ya ƙi ɗaguwa: jira za mu yi?

Yayar Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin lafiya, da waɗanda irin wannan ta taɓa samu, ku ba ni haske.

Ƙanina ne, autanmu, shekararsa 24. Mota ta buge shi a kan babur, yau mako uku ke nan. Babu hular kwano a kansa, amma wannan faɗan na ajiye shi sai ya warke. Ta ɓarin hagu ya faɗi, kai da kafaɗa suka daki kwalta. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce ya ɗan suma, amma kafin in iso asibiti ya farfaɗo, ya gane ni, har yana tambayata ina wayarsa. Jini na fita ta kunnen hagu. Aka yi hoton CT, aka ce akwai tsagewa a gindin ƙoƙon kai ta wajen ƙashin kunne, amma jini bai taru a ƙwaƙwalwa ba, don haka ba sai an yi tiyata ba. Muka yi hamdala.

Da jinin ya tsaya sai wani ruwa ya biyo baya, fari tas, ba kauri, ba wari. Da safe sai in tarar ya jiƙa filo. Shi ma ya ɗauke da kansa wajen mako guda. Bayan kunnen kuma ya yi baƙi ƙirin kamar an doke shi a wurin, alhali ranar da aka kawo shi babu komai a nan.

A kwana na huɗu ina ba shi ruwa a kofi sai na ga yana zubowa ta gefen baki. Na ce ya yi murmushi, sai bakin ya tafi dama gaba ɗaya. Idon hagu ba ya rufuwa. In ya yi ƙoƙarin rufewa sai baƙin ya haye sama, farin kaɗai ake gani, kuma haka yake barci. Wallahi na ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Likitan da ke zagaye ya duba ya ce ba ita ba ce, jijiyar fuska ce, ya rubuta wasu ƙwayoyi na kwanaki, ya wuce.

Sai hannun hagu. An yi hoto, babu karaya ko ɗaya. Amma kafaɗar ta sauka, ba ya iya ɗaga hannun, ba ya iya lanƙwasa gwiwar hannu. Cikin dare yana cewa kamar ana hura masa wuta a damtse, alhali in na taɓa wurin ba ya jin taɓawar sosai. Ga shi ya daina jin ƙanshi, na sa masa turare a hanci ya ce iska kawai yake shaƙa. Abinci ma ya ce duk ɗaya ne a bakinsa. Kunnen hagun kuma yana ji ne kamar daga nesa.

Da za a sallame mu, abin da aka ce kawai shi ne: jijiya ce, ku dawo bayan wata uku. Ban ga laifinsu sosai ba, marasa lafiya sun yi musu yawa, amma ni na fito ban fahimci komai ba. A gida kuma kowa da nasa. Wani ya ce gocewar kafaɗa ce a ja hannun, wata ta ce a riƙa murza fuskar da ƙarfi ta ɓangaren da bakin ya tafi, Mama kuwa kuka kawai take yi.

Tambayata: fuskar nan za ta dawo? Ruwan da ya fita ta kunne na mene ne, kuma tunda ya tsaya an wuce wurin? Hannun kuma, zaman wata ukun nan daidai ne, ko akwai abin da ya kamata mu yi yanzu?

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannunku da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Na daɗe ina aiki a ɗakin masu raunin kai. Maganar jijiyoyi zan bar wa likitoci, ni dai abu biyu zan taɓa, ruwan nan da idon nan.

Abin da ya jiƙa filon, bisa yadda kika siffanta shi, ruwan ƙwaƙwalwa ne. Ƙwaƙwalwa da laka a cikin ruwa suke zaune, kimanin mililita 150, kuma jiki na sabunta shi wajen sau uku a yini. Akwai tantani mai ƙarfi da ke riƙe da shi. In ƙashi ya tsage ya yaga tantanin, sai ruwan ya samu hanya ta kunne ko ta hanci. Yawanci ramin na toshewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10, kamar yadda nasa ya yi. Ruwan da ya zuba jiki ya riga ya mayar da shi. Abin da muke tsoro shi ne ƙwayoyin cuta su bi hanyar da ya fito su shiga ciki, su haifar da sanƙarau, kuma wannan na iya faruwa ko bayan an koma gida da daɗewa. In kika ga zazzaɓi tare da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, haske na damunsa, ko amai, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko ya fara magana ba kan gado, to kada ki jira gari ya waye. Ki tafi da shi, kuma abin da za ki fara faɗa musu shi ne ya taɓa tsagewar gindin ƙoƙon kai.

Ki kula da wani abu kuma. Wani lokaci dodon kunne kan warke ya rufe amma tantanin ciki bai rufe ba, sai ruwan ya bi ƴar hanyar da ta haɗa kunne da bayan hanci. Mutum sai ya riƙa jin gishiri-gishiri a maƙogwaro, ko in ya sunkuya ruwa ya ɗigo ta ƙofar hanci ɗaya. Mutane kan ɗauka mura ce. In kun ga haka ku tari ɗan kaɗan a kwalba mai tsabta ku kai, akwai gwajin da ke bambanta shi da majina.

A makonnin nan kada ya fyace hanci. In atishawa ta zo ya buɗe baki. Ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da yunƙuri a bayi, ya kwanta kai a ɗan sama. Kunnen kuma a ƙyale shi: ba tsinken auduga, ba man ɗigawa sai wanda likita ya rubuta, ruwan wanka ma kada ya shiga.

Idon shi ya fi tayar mini da hankali, domin fuska na iya dawowa ta tarar ido ya riga ya lalace. Ƙiftawa ce ke jiƙa ido, shi kuma ba ya ƙiftawa. Da rana a riƙa ɗiga masa maganin da ke maye gurbin hawaye akai-akai, da dare a sa man shafawa na ido mai kauri, ki rufe fatar idon da yatsanki, sannan ki manne ta da filasta mai laushi. Kada ki ɗora bandeji ko auduga a kan idon yana buɗe, gogarsa za ta yi duk dare. In zai fita ya sa tabarau saboda ƙura da iska. Ranar da idon ya yi ja, ko ya fara zafi, ko ganinsa ya yi hazo, ranar za a ga likitan ido.

Baƙin bayan kunne kada ya dame ki. Jini ne ya tsatso daga tsagewar ya taru ƙarƙashin fata, shi ya sa yake ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana. A asibiti muna kiransa alamar Battle, sunan wani likitan tiyata ɗan Ingila da ya siffanta shi a 1890. Zai washe da kansa.

Tsohon Ɗan Babur ya amsa:

'Yata, sannu. Karanta saƙonki ya mayar da ni baya. Ni ma ta kai na faɗi, shekaru da dama ke nan, kuma nawa bakin ma sai da aka kwana biyu ya karkace. In na kurkure baki ruwa ya tsarto ta gefe, in ina cin abinci ya maƙale a kumatu sai na sa yatsa na turo shi. Na daina duba madubi. Wata rana ina aske gemu na ga gefen leɓena ya ɗan motsa, ɗan kaɗan wanda ni kaɗai na gani. Daga nan abin ya riƙa dawowa. Yau in ban faɗa miki ba ba za ki gane ba, sai dai in na yi dariya idon kan ɗan tsuke, in ina tauna kuma yakan yi hawaye. Jikokina sun ɗauka tsufa ne.

Ni har gani biyu-biyu na yi. In zan sauko daga bene sai in ga matakala ɗaya a kan ɗaya, sai na karkata kai gefe sannan su haɗu. Shi ma ya tafi bayan wasu watanni.

Ƙanshi ne bai dawo mini duka ba. Da farko ba na jin komai. Daga baya sai komai ya koma warin ƙonanniyar roba, har sabulu, wannan lokacin ya fi rashin jin ma wahala. Yanzu ina jin abu mai ƙarfi kamar fetur da hayaƙi, mai sanyin ƙanshi kuwa sai dai a ba ni labari.

Shawarata ku kwantar da hankali. Jijiya ba ta son gaggawa, sannu ba ta hana zuwa. Kada ku bari a ja masa hannu, wannan kam a'a. Amma ku bar shi ya huta, yadda fuskar za ta dawo haka hannun zai dawo da yardar Allah. Ki kuma riƙa zama kusa da shi, domin saurayi in fuskarsa ta canza yakan ɓoye a ɗaki, ya daina son ganin abokai.

Likitan Kunne ya amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Ban ga ƙaninki ba, ban ga hotonsa ba, don haka ki ɗauki wannan a matsayin abin da zai taimake ki ki yi wa likitocinsa tambayar da ta dace. Duk abin da Sista ta faɗa ki riƙe shi, musamman na ido.

Gindin ƙoƙon kai ba shafaffen ƙashi ba ne, cike yake da ƙofofi da ƴan ramuka. Ta nan jijiyoyi 12 na dama da 12 na hagu suke fitowa daga ƙwaƙwalwa zuwa hanci, ido, fuska, kunne, harshe da maƙogwaro. Shi ya sa tsagewar da ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ba take iya barin mutum da matsala uku ko huɗu da kamar ba su da alaƙa da juna.

Ta fuska ita ce ta 7. Tana bi ta wani matsattsen rami mai lanƙwasa a cikin ƙashin kunne, daidai inda nasa ya tsage. Kin ba ni labari mafi amfani ba tare da kin sani ba, da kika ce ranar farko ya yi miki magana lafiya, sai a kwana na huɗu bakin ya karkace. In jijiya ta tsinke ko ɓallin ƙashi ya soke ta, fuska nan take take mutuwa, kuma a irin wannan ne ake tunanin tiyata. Wadda ta zo bayan kwanaki kuwa yawanci kumburi ne: jijiyar na nan a haɗe, ta kumbura ne a inda babu wurin kumbura, kamar yatsa a cikin zobe. Ƙwayoyin da aka ba shi mai yiwuwa sitiroyid ne na rage kumburin. Mafi yawan masu irin wannan suna samun sauƙi sosai, wasu cikin makonni, wasu sai watanni. Ki rubuta ranar da abin ya fara ki ajiye, domin duk likitan da zai gan shi sai ya tambaya. Muna auna shanyewar fuska da wani ma'auni mai mataki 6, na 1 lafiya lau, na 6 babu motsi ko kaɗan. Ki tambaya a wane mataki aka sa shi, don a samu abin kwatantawa nan gaba. In babu motsi sam kuma ba alamar canji, akwai gwajin lantarki da ke nuna yawan zaren jijiyar da ke raye.

Dalilin da abokin aikina ya ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce: a waccan yawanci mutum na iya ɗaga gira ya tattare goshi, ƙasan fuska ne ke sakewa. In jijiyar ce da kanta, daga goshi har haɓa ake rasawa. Ki kuma faɗa wa mai cewa a murza inda bakin ya tafi cewa wancan ɓarin shi ne mai lafiya, shi ke jan bakin saboda na hagu ya saki. Hawayen da Baba ke yi in yana tauna, da tsukewar ido in ya yi dariya, suna faruwa ne in zaren jijiya ya sake tsirowa ya bi hanyar da ba tasa ba. Murza da ƙarfi ba ta hana wannan. Motsa fuska a hankali a gaban madubi, yadda mai gashin ƙashi na asibiti zai koya masa, shi ya fi.

Kunne: sau da yawa jini ne ya taru bayan dodon kunne, kuma yakan tsotse cikin makonni kaɗan, ji ya dawo. In bai dawo ba, ko dai ƴan ƙasusuwan nan uku da ke kai sauti sun goce, wanda ana gyarawa da tiyata ba tare da gaggawa ba, ko kuma kunnen ciki da jijiya ta 8 ne suka taɓu, wannan kam ba kasafai yake dawowa ba. Gwajin ji ne zai raba gardama, a yi masa. In yana jin jiri na ƴan daƙiƙu duk lokacin da ya juya a gado, ki faɗa, akwai wata juya kai da ake yi a ɗakin duba marasa lafiya da ke magance shi, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu.

Ƙanshi kuwa jijiya ta 1 ce. Zarurrukanta sirara ne ƙwarai, suna ratsa wani ƙashi mai ƙananan huji a saman hanci. In kai ya bugu ƙwaƙwalwa ta girgiza, sai su tsinke ko su ƙuje. Ba zan yi miki alkawari a kansa ba. Wasu na samun sauƙi, galibi a shekarar farko, da yawa kuma ba ya dawo musu duka. Rashin ɗanɗanon abinci yawancinsa daga nan ne, ko da yake wani reshe na jijiyar fuska shi ma yana ɗauke da ɗanɗanon gaban harshe.

Sai inda zan saɓa wa Baba, tare da girmamawa. Baba, abin da ka faɗa gaskiya ne a kan fuska, amma hannun nan wani labari ne daban, bai ma fito daga ƙoƙon kai ba. Hannun da ya saki bayan faɗuwa a babur, babu karaya, ga zafi kamar wuta, ba a cewa a bar shi ya huta kawai. Ba fannina ba ne, amma ina so likitan da ke tiyatar jijiyoyi ya gan shi cikin makonnin nan. Malama, yana iya motsa yatsunsa?

Yayar Auta ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Sista, Baba, Likita. Daren jiya na manne idon yadda Sista ta ce, da safe ya ce rabonsa da tashi ido ba ya yi masa yaji tun a asibiti.

Likita, na gwada abin da ka tambaya. Na sa yatsuna biyu a tafinsa na ce ya matse, ya matse har na ji zafi. Yana iya riƙe cokali in na ɗora masa gwiwar hannun a kan tebur, kai shi baki ne ba ya iyawa. In ya tashi tsaye hannun na rataye ne a jikinsa, tafin yana kallon baya. Na kuma lura damtsen hagun ya fara ramewa, hannun riga ya yi masa yawa ta nan. Goshin ma na duba, ɓarin hagu sumul yake, ba ya tattaruwa. Amma jiya da na ce ya rufe ido da ƙarfi na ga kamar fatar ta ɗan sauko fiye da da, ko idona ne ke son ganin haka, oho.

Ina ta tambayar kaina, in an ce jijiya na tsirowa da kanta, me ya sa ta hannu ba za a jira ta ba?

Mai Gashin Ƙashi ta amsa:

Yaya, sannu. Aikina ke nan, kuma mafi yawan waɗanda ake turo mini da irin wannan hannun samari ne da suka faɗi a babur.

Jijiyoyin hannu daga laka suke fitowa ta wuya, saiwa biyar, su haɗu su sarƙe a bayan ƙashin wuya sannan su rarrabu su gangara. In mutum ya faɗi kafaɗa ta yi ƙasa kai ya yi ɗaya gefen, sai su miƙe fiye da ƙima. Na sama biyu su ke ɗaga kafaɗa da lanƙwasa gwiwar hannu, na ƙasa su ke da yatsu. Abin da kika siffanta, yatsu da ƙarfi amma kafaɗa da gwiwa sun saki, ya yi kama da raunin na saman, kuma a cikin raunukan nan shi ya fi daɗin gyara.

Ga amsar tambayarki. Raunin jijiya hawa-hawa ne. Akwai wadda ta bugu kawai ta daina aiki, wannan cikin makonni zuwa wata uku take farfaɗowa. Akwai wadda zaren cikinta ya mutu amma kwanson na nan, sai ta sake tsirowa kimanin milimita 1 a rana, wato wajen inci guda a wata. Akwai wadda ta tsinke biyu, akwai kuma wadda ta tumɓuke daga jikin laka gaba ɗaya. Biyun ƙarshen nan ba sa dawowa da kansu ko an shekara goma ana jira. A makonnin farko kuma dukansu kama ɗaya suke a ido, hannu ne a sake. Ita kuma tsoka ba ta jira har abada. In ta kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu jijiyar da ke taɓa ta, sai ta ƙanƙance ta zama ba ta karɓar saƙo ko an kawo mata. Ki lissafa da tafiyar inci guda a wata, za ki ga dalilin da ya sa masu tiyata ke son yin aikin a tsakanin wata 3 zuwa 6, wani lokaci ma kafin haka in an tabbatar tumɓukewa ce. Wanda ya zo bayan shekara, zaɓin da ya rage masa kaɗan ne, kuma irin waɗannan su suka fi ba ni tausayi, domin yawancinsu haƙuri aka ce su yi, suka yi.

Saboda haka wata ukun da aka ba ku ba kuskure ba ne a kan kansa, lokacin da ake duba ko ƙarfi zai fara dawowa ne. Kuskuren shi ne a zauna a gida ba gwaji, a ƙarshensa kuma a fara neman layin ganin likita. Yanzu da ya cika mako uku zuwa huɗu, daidai lokacin gwajin lantarki na jijiya da tsoka ne, wanda ake kira EMG, domin kafin haka ba ya nuna gaskiyar raunin. Ana kuma yin hoton MRI na wuya don a ga ko saiwar ta tumɓuke. Ki nemi takardar turawa tun yanzu.

In ta kai ga tiyata, ba abin fid da rai ba ne. Ana ɗinke jijiya, ana ɗauko wata daga ƙafa a yi mata gada, ana kuma aro reshe daga jijiya mai lafiya a haɗa da wadda ta mutu. Wani likita a Faransa mai suna Oberlin ya bayyana irin wannan a 1994: a ɗebi ɗan zare daga jijiyar da ke zuwa yatsu a dasa shi a tsokar damtse, gwiwar hannu ta koma lanƙwasuwa. Sai mai yatsu masu ƙarfi ake yi wa ita, kamar ƙaninki.

Kafin nan, aikinku a gida shi ne kada gaɓoɓin su ƙage. Mai gashi ya nuna miki yadda za ki riƙa motsa kafaɗa da gwiwa da wuyan hannu a hankali kowace rana, har iyakar inda suke zuwa, ba fizga. In zai yi tafiya ya rataye hannun a majanyi don nauyinsa kada ya ja kafaɗar ƙasa, in ya zauna ya cire ya ɗora a filo. Ban da ruwan zafi ko tsumma mai zafi a inda ba ya ji, na ga ƙuna da yawa ta haka. Zafin dare kuma ciwon jijiya ne, magungunan ciwo na yau da kullum ba su cika taɓa shi ba, akwai nasa na daban, likita ya rubuta masa. Kada a riƙa ƙara masa masu ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba, samari da yawa ta nan suke kamuwa da shan ƙwaya.

Tsohon Ɗan Babur ya sake amsawa:

To, Likita da Malama sun fi ni sani, ni nawa hannun lafiya ya tashi, fuska kaɗai na sani. 'Yata, bi tasu. Abu ɗaya zan ƙara: wanda ba ya jin wari ba ya jin gas in yana tsiyaya, ba ya jin abu na ƙonewa, ba ya gane abincin da ya lalace. Ku riƙa duba masa.

Yayar Auta ta rubuta:

Na gode Baba. Malama, na je na karɓo takardar turawar, an ba mu ranar gwajin lantarkin. Likita, saura guda biyu: akwai abin da za mu yi wa ƙanshin a gida? Sannan shi har ya fara maganar yaushe zai koma tuƙi.

Likitan Kunne ya amsa:

Akwai abin da ake kira horar da hanci. Wasu masu bincike a birnin Dresden na Jamus ne suka fito da shi a 2009: a zaɓi ƙanshi huɗu masu ƙarfi kuma mabambanta, su sun yi amfani da ƙanshin furen wardi, lemon tsami, kanumfari da ganyen bishiyar turare (eucalyptus), a shaƙi kowanne a hankali na ƴan daƙiƙu, safe da yamma, aƙalla mako 12. Ya fi aiki ga waɗanda mura ta ɗauke wa ƙanshi fiye da masu raunin kai, amma ba shi da illa. Ya shaƙa a hankali, ba zuƙa da ƙarfi ba, kuma sai likitansa ya tabbatar ruwan ya tsaya.

Tuƙi kuwa a'a, ba da hannu ɗaya da idon da ba ya ƙiftawa ba, kuma ba kafin a gwada jinsa a tabbatar babu jiri ba. Ranar gwajin ki tafi da hoton CT ɗin kansa, ba takardar sakamakon kaɗai ba, ki kuma ɗauki fuskarsa a waya sau ɗaya a mako, yana ɗaga gira, yana rufe ido, yana murmushi, don likitan ya ga ko fatar idon da kika ce ta sauko da gaske ta sauko.